Geron Buwai

Ni dai har gobe ina cewa Shago ya ci amanata. Luba, matata, takan ce in zan ba da labarin in riƙa farawa daga gora, ba daga gero ba. To ita ba gonarta aka soke ba.

Gonata da ta Shago a manne suke, a gabashin ƙauyenmu, can bayan Makoda. Layin gamba ne ya raba mu, sai wani tsohon gawo da ya tsaya a kan iyaka. Ubana da ubansa Buwai haka suka yi noma kafaɗa da kafaɗa. Buwai Bamaguje ne, ya rasu a kan addinin kakanninsa, aka binne shi a kusurwar gonarsa. Shago kuwa coci yake zuwa. Wannan bai taɓa shiga tsakaninmu ba. Ranar Babbar Sallah cinyar ragona ta gidansa ce, ranar Kirsimeti kuwa matarsa Leah sai ta cika mana kwano da shinkafa har murfi ya ƙi rufuwa. Shekara talatin ban taɓa kiran gayya ba Shago bai riga kowa zuwa da garmarsa ba.

Shekarar da abin ya faru, da bazara, wata malamar gona mai suna Tahira ta zo ƙauyenmu a kan babur. Wani kamfanin iri ne yake neman manomi ɗaya a yankin da zai noma masa sabon gero, ba na ci ba, na iri, wanda za a zuba a buhu mai tambari a sayar wa manoma. Wanda ya ci jarrabawar shekarar farko, da shi za a ci gaba da yi. Kuma in faɗi gaskiya, Shago ne ya kawo ta har ƙofar gidana, ya nuna ni da sanda ya ce, "Ga manomin da kike nema. Bakinsa ya fi gonarsa girma, amma gonar ma ba laifi."

Ta zagaya gonar, ta yaba, sannan ta faɗi sharaɗi.

"Malam Khalilu, gero ba ya sanin iyaka. Idan ya fitar da kai ya yi bununi, wannan garin da yake kaɗowa iska ce take ɗauka ta kai wa na maƙwabci. In akwai wani irin gero kusa da naka, sun gauraya ke nan, kuma kamfani ba ya karɓar gauraye. Taku ɗari huɗu ta kowane gefe, kada a ga wani gero sai wannan."

A wajenmu taku ɗari huɗu gonar mutum shida ce. Na sayi goro na bi su ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya ce zai sa gyaɗa, wancan ya ce wake, uku suka karɓi sabon irin. Shago na bari ƙarshe, don na ɗauka nasa ne mai sauƙi.

Da na kai masa maganar, sai ya juya ya dubi wajen gonarsa. Na san dalili. Akwai wani gero da muke kira geron Buwai, gajere, mai duhun ƙwaya, mai saurin nuna, wanda a shekarun yunwa shi ne yake fara shiga tukunya kafin na kowa. Babu wanda ya rage da shi sai Shago. Kowace damina yakan shuka kunya bakwai a gefen kabarin ubansa, ba don ci ba, don kada irin ya mutu.

Ya shiga ɗaki ya fito da wata gora da aka toshe bakinta da tsumma.

"Ga shi nan duka," in ji shi. "Bana zan sa gyaɗa har gindin kabarin. Amma kai ka shuka min wannan a gonarka ta hayin rafi, tunda tana da nisa. Kunya bakwai kawai, Khalilu. In ya tsallake damina a gora, ba lallai ya tsira ba."

Na ce, "An gama. Wannan ma har magana ce?"

Na kawo gorar na rataye a ƙusa a zaurena.

Daga nan aka kai ni bita Kano, kwana uku. Aka zaunar da mu a ɗaki mai sanyi, wani yaro mai taye yana ta koya mana abin da ya kira tunanin nasara: manomi ɗan kasuwa ne, mai son ci gaba ba ya waiwaye, dole ka ɗauki kanka babba kafin duniya ta ɗauke ka. Na dawo da hular kamfani, da takardar shaida, da kai wanda ya fi hular girma. Aka kafa allo a bakin gonata da sunana ɓaro-ɓaro. Zaurena ya zama makaranta. Kullum bayan La'asar mutane a cike, ni kuma ina tsaye da takarda ina maimaita musu maganar mai taye kamar ni na ƙirƙiro ta. Samari suka fara kira na Injiniya don tsokana, ni kuwa ina amsawa da gaske.

Ruwan shuka ya sauka. Na shuka sabon gero da igiya da ma'auni, rami da rami. Gonar hayin rafi kuwa na tura ƙanena ya zuba mata dawa, don ba ni da lokacinta.

Ranar da nake noman firi na kai bakin gamba, na ɗaga kai don in share gumi. Gyaɗar Shago ta fito kore shar. Amma a kusurwar kabari, ga kunya bakwai, kuma abin da ya tsiro a kansu ba gyaɗa ba ne. Ko a mafarki na san ganyen gero.

Wallahi sai na tsaya cak da fartanya a hannu. Mutumin da ya dube ni ido cikin ido ya yi min alkawari. Mutumin da muka sha fura a ƙwarya ɗaya tun ba mu san wando ba. Na ce a raina hassada ce, ba wani abu ba. Ya ga allo, ya ga hula, ya ga zaure a cike, zuciyarsa ta kasa ɗauka. Na jefar da fartanya na tafi gida ban gama kunyar ba.

Luba ta saurare ni har na gaji, sannan ta ce, "Malam, ka je ka tambaye shi mana. Taku nawa ne?"

"Ni? Ni zan je? Wa ya karya alkawari?"

"Ban sani ba. Shi ya sa na ce ka tambaya."

Na ce mata ta tsaya a kan tukunyarta. Daga ranar na daina yi masa magana. In mun haɗu a hanya sai in sami abin kallo a sama. Shi ma bai neme ni ba, wannan kuma ya ƙara tabbatar min da cewa yana sane da abin da ya yi.

Geron Buwai, da yake mai sauri ne, ya kamo nawa duk da an shuka shi a baya. Lokacin da suka fara yin ciki tare, Malama Tahira ta zo zagaye. Ta tsaya a bakin gamba ta dafe kai.

"Har yanzu da gyara," in ji ta. "In aka yanke kawunan nan kafin su yi bununi, babu abin da zai sami naka. Kwana goma kake da shi, in ya yi yawa. Ku daidaita."

Na ce babu abin da zan daidaita da maci amana. Sai ta tafi da kanta. Ba ta daɗe ba ta dawo.

"Me ya ce?"

"Ya ce Khalilu ya san hanyar gidansa."

Kai! Ji nake kamar an watsa min barkono a ido. Wato so yake in je in durƙusa masa, ni da sunana yake kan allo, in roƙe shi abin da ya riga ya yi min alkawari. Na rantse a gaban malamar cewa ƙafata ba za ta taka gidan ba. Ta dube ni ta ce, "Malam, gonarka ce fa." Na ce na sani.

Washegari da safe na ga lauje a rataye a reshen gawon iyaka. Gawo ba ya da ganye da damina, don haka tun daga nesa ake hango shi, an wasa shi yana ƙyalli. Laujen Shago ne, na san ƙotarsa. Na ce lalle mutumin nan ya kai maƙura, har da izgili: wato in na isa in ɗauka in yanka. Ya san sarai babu ɗan halak da zai sa ƙarfe a shukar da ke kan kabarin uban wani ba da izinin mai ita ba.

Kwana goma ina wucewa ta ƙarƙashin laujen nan safe da yamma. Ba zan ɓoye ba, akwai ranar da na juya na nufi gidansa, har na hango danga. Sai na tuna samarin da ke zaune a gindin kuka za su gan ni, gobe a ce Injiniya ya je roƙo. Na karkata na yi kamar akuya nake nema.

Ranar sha ɗaya na iso gona na tarar kunya bakwai ɗin sun yi bununi. Iska tana kaɗawa daga wajensu zuwa wajena, a hankali, ba ta ko gaggawa. Na tsaya ina kallo har rana ta take.

Mai duba iri na kamfani ya zo bayan mako biyu. Bai yi dogon zance ba. Ya auna taku daga kabari zuwa kunyata ta farko, ya samu ashirin da uku, ya rubuta a takarda. Ya ce geron ya yi kyau ƙwarai, in ci da iyalina lafiya, amma ba iri ba ne. Kafin ya tafi ya sa aka tuge allon aka ɗora a bayan mota. A gaban mutane.

A ranar ce na taka gidan Shago, da rantsuwar da komai. Na same shi a ƙofar gida yana gyaran igiyar shanu. Ban yi sallama ba.

"Ka ji daɗi? An cire allon. Sai ka yi barci yau."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Ina gorata, Khalilu?"

Gora. Wallahi tun ranar da na rataye ta ban sake tunawa da ita ba. Ban ma lura ƙusar ta zama wayam ba.

"Kwana tara bayan ruwan shuka na je hayin rafi," in ji shi. "Dawa na gani. Na zo zaurenka, ga gorata a ƙusa, gizo-gizo ya yi mata saƙa. Sau uku ina ce maka ina da magana, kana cewa in dakata ka gama. Kana karanta wa mutane takarda, kana cewa mai son ci gaba ba ya riƙe tarkacen kakanni. Na miƙa hannu na sauke ta a gabanka. Ba ka gani ba."

"To sai ka rama da gonata? Shekarata guda, Shago! Sunana!"

"Na rataye maka lauje."

"Na ga izgilinka."

Sai a nan ya ɗago. Idonsa ya yi ja.

"Izgili? Ni zan yanke shi, da hannuna. Na wasa lauje na kai shi inda za ka gani, don ka san a shirye nake. Irin nan duka na zuba a ƙasa, ko ƙwaya ban rage ba. In na yanke, geron Buwai ya ƙare a duniya. Kuma na yarda ya ƙare saboda kai. Abin da ban yarda ba shi ne ya ƙare kai ba ka ma san an yi ba. Ka zo ka ce, Shago, na manta. Shi ke nan abin da nake jira. Kwana goma ina zaune a nan ina kallon hanya. Har na hango ka rannan, ka juya."

Na ce, "Da ka aiko."

"Da ka zo."

Na tsaya ina jiran ya ce wani abu da zan kama in yi faɗa da shi. Sai kawai ya koma kan igiyarsa. Leah ta leƙo daga cikin gida da kwanon ruwa, ta ga fuskokinmu, ta koma da shi.

Kamfani ya koma wani ƙauye wajen Tofa. Zaurena ya koma yadda yake a da, ni da tabarma. Da kaka na yi gayyar yankan gero, mutum goma sha huɗu suka zo, ban kira Shago ba, shi ma bai zo ba. Na cika rumbu biyu da geron da babu mai sayensa a matsayin iri.

Har yanzu ina cewa ya ci amanata, kuma ban janye ba. Mutum ba ya kallon gonar amininsa tana lalacewa yana zaune da magani a hannu, don kawai yana jiran kalma. In na faɗi haka Luba ba ta musu, sai dai ta tambaye ni, ni da nake da kalmar a baki me na zauna jira.

Laujen yana nan a jikin gawo, ya yi tsatsa. Shi bai sauke ba, ni ban taɓa ba. Bana na ɗebi iri daga rumbuna na shuka, tunda shi nake da shi. Da ya nuna, sai ga gajerun kawuna masu duhun ƙwaya nan da can a cikin gonata, tun daga bakin gamba har inda allon yake a da. Jiya Luba ta dama min fura da shi. Na kurɓa sau ɗaya na gane ɗanɗanon, irin wanda Buwai yake ba mu a ƙwarya ɗaya muna yara.

Ta ce, "Ko ba ta yi ba ne?"

Na ce ta yi. Na ajiye ludayin, na kasa ƙarasawa.