Hotunan Auta

Tsohon direban ya fara lura ne ranar da ya nemi hoton kammala karatun autarsa bai gani ba. Akwatin ajiyar hotunan, wata ƙaramar na'ura, yana nan kan kanta a falo, koriyar fitilarsa tana ƙyaftawa kamar kullum. Babban ɗansa ne ya haɗa shi da intanet ɗin gidan, ya zuba hotunan iyali kaf a ciki, ya ba kowa sunan shiga da kalmar sirri.

Tsohon ya kashe akwatin ya kunna. Ya sauya wayar wutarsa, ya hure ƙurar fankarsa. Bayan mako guda wata jakar hotunan da ke ciki ma ta rame, hotuna sittin sun koma arba'in da ɗaya.

"Kai ne dai kake taɓa abin da ba ka sani ba," in ji matarsa.

Ya sayo sabon faifan ajiya ya sa, ba ta canja zani ba. Ranar Talata da hantsi ya kira mai gyaran kwamfuta.

Mai gyaran ya gwada faifan biyu, lafiyarsu lau. Sai ya buɗe shafin da akwatin ke rubuta duk mai shiga da fita, ya daɗe yana kallo.

"Baba, akwatinka ba shi da laifi. Daga waje ake shigowa ana gogewa. Wa ke shiga da sunan Auta?"

Tsohon ya ja kujera ya zauna. Sai yanzu ya gane ba barkatai suke ɓacewa ba. Duk hoton da take ciki ne, ko da gefen fuskarta ne kawai ya fito. Wata takwas ke nan da ta karɓi aiki a wani gari ba da yardarsa ba, ya ce mata a gaban yayyenta, in ta fita ta manta tana da gida a nan.

"Suna cikin kwandon sharar akwatin, ana iya dawo da su," in ji mai gyaran. "In rufe mata hanya?"

"Dawo da su. Hanyar kuma bar ta."

Da mutumin ya tafi ya kira ta. Sai a kira na uku ta ɗauka.

"Ke ce kike goge hotunan?"

"Ni ce, Baba."

"Saboda me?"

"Kai ka ce in manta. Ina rage maka aiki ne."

Ya buɗe baki zai ce fushi ne ya sa shi faɗar haka, amma abin da ya fito shi ne, "To, na dawo da su." Ta ce ta ji, ta ce a gaida Mama.

Ya wuni yana buɗe su ɗaya bayan ɗaya, ɗari huɗu da sha biyu. Matarsa ta ce ya kwafe su a wani wuri, ya ce gobe.

Washegari bayan karin kumallo ya shiga. Babu ko ɗaya. Wannan karon har kwandon sharar ta zubar.