Maganaɗisu a Ƙarƙashin Sikeli

Shugaban kasuwa ya tura ƙofar ofishinsa, ya murza makulli, sannan ya jefa jaridar a gaban Malam.

"Karanta mini inda na ja wa layi."

Malam ya gyara tabarau. Tun da ya yi ritaya daga koyarwa yake rubuta ra'ayi a jarida, ba wanda ya taɓa kula shi sai yau. A wannan makon ya rubuta cewa ɗan Adam asalinsa nagari ne, tsoron faɗuwa ne ke koya masa ha'inci. Ya ba da misalin wani mai shago da ke manna maganaɗisu a ƙarƙashin sikeli don kaya su ƙara nauyi.

"Ranka ya daɗe, misali ne kawai."

"Misali? Ku 'yan boko ba kwa magana a fili, sai ku ɓoye mutum a cikin rubutu. Ka ce mai shagon yana murmushi yana rantsuwa. Wa aka sani da murmushi a kasuwar nan in ba ni ba?"

Rumfar 'yar Malam a hannun mutumin nan take, kuma da ita take ciyar da marayunta uku.

Shugaba ya ja aljihun tebur, ya fito da wani baƙin maganaɗisu, ya ajiye.

"Wa ya gaya maka? Faɗi sunansa, in bar wa 'yarka rumfarta."

Malam ya zuba wa abin ido. Wallahi bai taɓa sanin Shugaba na yi ba. A rumfar 'yarsa ya ga irinsa, ranar da ya sunkuya ɗaukar sandarsa. Kunya ta hana shi yi mata magana, shi ne ya zuba abin a jarida, ko za ta karanta ta gane.

"Ba wanda ya gaya mini."

"To mako mai zuwa ka rubuta cewa ƙirƙira ka yi, babu irin wannan a kasuwarmu."

Malam ya ɗauki sandarsa. Fanka na ta juyawa.

"Zan rubuta."

A bakin matakala ya tarar da 'yarsa, idonta ya yi ja.

"Baba, sun ƙwace?"

"Ba su ƙwace ba."

Ya miƙa mata tafin hannunsa. Ta daɗe tana kallon ƙasa, sannan ta buɗe jaka ta ɗora masa nata maganaɗisun. Ya sa a aljihu, ya ji makullan gidansa sun manne masa.