Rigar Kujerar Baya

Tun ranar da jar fitilar gargaɗi ta kama a gaban sitiyarin motar Mama, Yaya ya zare makulli ya jefa aljihu, ya kuma yanke hukunci: Auta ce ta kashe batir. Motar irin mai haɗa fetur da lantarki ce, kuma Auta ce ke kai Mama asibiti da ita kafin ta wuce aiki. Yaya bai tsaya nan ba, sai da ya cika wa tsohuwa kunne har ta ce Auta ta haƙura da tuƙi. Wannan ce ta ƙona wa Auta rai. Ita da ko kaza ba ta taɓa bugewa ba!

Shi ya sa ta bi shi gareji ba tare da an gayyace ta ba.

Mai gyara ya jona na'urarsa, ya ɗan karanta, ya ce batirin zafi ya sha.

"Ka ji ko?" in ji Yaya. "Gudu take kamar an biyo ta."



Mai gyara ya sa safar hannu ta roba mai kauri, ya zare wani fulogi ruwan lemo, ya ce kowa ya ja baya, wutar nan ba ta san wasa ba. Da ya cire kujerar baya ya buɗe murfi, sai ga batirin jere sala-sala. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana aunawa. Biyu na tsakiya sun kumbura. Ya ce za a canza su, sauran da ransu.

Daga nan ya koma kan kujerar da ya cire, ya ɗaga wata baƙar leda mai sheƙi da aka ɗinke ta da ita.

"Malam, wa ya sa wa kujerar nan riga?"

Yaya ya gyara tsayuwa. "Ni ne. Da kaina na zaɓo, don kar yara su ɓata."

"To, ta nan gefe fanka ke jan iska tana sanyaya batir. Rigar ta toshe ƙofar ruf. Ko a hankali ake tuƙi, sai ya dahu."

 Rigar da Yaya ya yi ta nuna wa baƙi kamar ya sayo jirgi! Auta ta dube shi, shi kuma ya shiga duban rufin gareji.

"To, ai ita ma ya kamata ta ji fankar na nishi," ya ce ƙasa-ƙasa.

"Ni kuma? Yaya, ka ji tsoron Allah!"

Ya laluba aljihu, ya miƙo mata makulli ta gefe, wai magana ta wuce. Ba ta karɓa ba. Makulli a hannu ba zai goge abin da ya zuba wa Mama a kunne ba. Ta ciro wayarta, ta danna lambar Mama, ta buɗe murya yadda kowa zai ji.

"Auta, lafiya?" in ji Mama.

"Lafiya lau, Mama. Ga Yaya, yana da magana."

Ta ɗora masa wayar a tafin hannu, a kan makullin.