Wa Zai Saukar da Appa

"Taɓa ki ji, Maushi," in ji Mandar, yana jijjiga ƙarfen da ya kewaye gadon. "Ko bauna ce ta kwanta a nan ba za ta faɗo ba."

Sulabha ta taɓa don kada a ce ta ƙi. Ita ba 'yar uwarsu ba ce, maƙwabciya ce, amma Maushi yake kiran ta, wato inna. Bango ɗaya ya raba ɗakinta da na mahaifinsa, Appa Phadke, a tsohon gidan hayarsu na birnin Pune, tun Mandar yana yawo ba wando. Yanzu ya zo hutu daga Kanada, ya ce ba zai koma ba sai ya sama wa tsohon wurin zama, domin an sha tsintar sa a ƙasan banɗaki. Gidajen tsofaffi kam sun gani har sun gaji. Wani zarni, wani kuma girkinsu da tafarnuwa, Appa kuwa ko warinta ba ya so. Wannan gidan ne ya kwanta wa Mandar a rai.

"A gidan nan tsoho ba ya taɓa ƙasa," in ji manajan, yana washe baki. "Dokarmu ce."

Appa yana kan keken guragu. Sai a lokacin ya ɗago.

"To ranar da zan tafi, wa zai saukar da ni?"

"Haba Appa, wace irin magana ce wannan? Mu biyu sai ka ga bayanmu tukuna," in ji Mandar.

Manaja ya yi dariya, Mandar ya taya shi. Sulabha kuwa ba ta ga abin dariya ba. Yaro ya yi boko har ya manta cewa a addininsu mutum ba ya cikawa a kan gado! Ƙasa ake shimfiɗe shi, a ɗiga masa ruwan kogin Ganga, a sa masa ganyen tulsi mai tsarki a baki, in ba haka ba ransa ya rataye, ba sama ba ƙasa. Da matar Appa za ta rasu, shi ya riƙe kafaɗu, Sulabha ta riƙe ƙafafu.

A mota ta raɗa masa, "Ina nan, Appa. Ni zan saukar da kai."

"Ke da gwiwarki ta mutu tun kafin ni?" ya ce. Amma ya riƙe bakin mayafinta har gida.

Mandar ya koma Kanada. Duk Lahadi Sulabha takan hau bas da tausasshiyar shinkafa da nono a kwanon sha, ta tarar da shi a bayan ƙarfe, an yi masa aski, an shafe shi da mai. Tsakani da Allah suna kula da shi, ba za ta yi musu sharri ba. Sai dai kullum ƙara kankancewa yake yi.

Wata Talata da damina, tana tsintar shinkafa, aka kira ta daga gidan tsofaffin. Ta ɗauki 'yar butar tagulla ta ruwan Ganga, ta tsinko tulsi a taga, ta fita ko lema babu.

Ta same shi da robar iska a hanci, numfashi yana ƙara kamar ana jan tabarma a siminti. Idanunsa suka bi ta, suka koma ƙasa, suka sake dawowa kanta.

"'Yata, buɗe ƙarfen nan," ta ce wa nas ɗin, wata yarinya mai suna Rohini.

"Maushi, kora ta za a yi. Sai in ɗansa ya yarda."

Aka kira Mandar. Muryarsa ta fito daga wayar.

"Kada ku motsa shi! Likita yana hanya. In kuka cire masa iskar ai kun kashe shi."

"Mandar, tafiya yake yi. Na ga mahaifiyarka, na san wannan numfashin."

"Ke likita ce? Don Allah, Maushi. Ina neman jirgi, ku riƙe min shi in zo."

Kuka yake yi, kukan gaske, har ta kasa yi masa faɗa. Ta miƙa wa Rohini wayar, ta kama ƙarfen da hannu bibbiyu ta ja. Ko gezau. Ta laluba gefe, ta laluba ƙasa, ta rasa inda maɓallin yake. Rohini ta juya musu baya tana share ido.

Sulabha ta cire mayafinta ta shimfiɗa a ƙasa inda zai gani. Ta zura hannu ta tsakanin ƙarfe ta ɗiga masa ruwan, rabi ya bi haɓarsa.

Ta kira masa sunan abin bautarsu. "Ram, Ram, Appa. Ga ƙasa nan kusa, ga ta nan."

Ya ja numfashi. Ta jira na gaba, bai zo ba.

Likita ya iso da jiƙaƙƙen takalmi, ya duba, ya gyaɗa kai. Rohini ta taka wani ɗan ƙarfe a ƙarƙashin gadon da ƙafa ɗaya, shingen ya sauka sulup, ko ƙara bai yi ba.

"Yanzu za a iya saukar da shi, Maushi," ta ce a hankali.

Sulabha ta dafa gadon ta durƙusa da ƙyar, ta zauna a gefen mayafin, tana gyara masa inda ya tattare.