Tsamiyar da Ta Rage a Bakin Tafki

Dakta Abdulmutalib bai gama sauka daga bas ɗin ɗalibai ba ya hango filin, ya tsaya cak.

Tun daga Kano yake cika wa ɗalibansa baki da kurmin ƙauyensu na gefen Gwangwan. Falsafar muhalli yake koyarwa a jami'a, kuma da wuya ya yi lacca bai sako wannan kurmi ba: manyan tsamiyoyi a bakin tafki, waɗanda tun kaka da kakanni ba a sa musu gatari ba, saboda an ce aljanu ne ke zaune a ciki. Ko busasshen reshe ba mai tsinta a wurin.

Yau kututtura ya tarar a jere, ga buhunan gawayi an jingine. Tsamiya ɗaya ce ta rage, babbar cikinsu, mutanen gari sun kewaye ta.

Baffa Barau, ƙanin mahaifinsa, ya taho da fara'a. Dakta ya durƙusa, aka gaisa, aka tambayi iyali da gajiyar hanya.

"Baffa, me ya sami kurmin?"

"Ai kai ka buɗe mana ido, ɗana. Ranar da ka yi magana a rediyo duk gari muna wajen mai shayi. Ka ce ba wani aljani, dabara ce ta magabata don kada a sare itatuwan. To, tunda dabara ce, ga kuma tsadar rayuwa..."

Kunya ta rufe Dakta. Ya tuna ranar sarai. Har babbar riga ya sa don shiga rediyon da ba mai ganinsa, ya yi ta yabon hikimar mutanen da, yana jin daɗin muryarsa. Bai taɓa kawowa a ransa cewa 'yan garinsu ma suna da kunne ba.

"Wannan ce ta gagara," Baffa ya ci gaba, yana nuna wani ƙato mai riƙe da injin yankan itace. "Sulle ya rantse ba zai taɓa ta ba sai ya ji daga bakinka. Nan aka ce babban aljanun yake."

Dakta ya gyara murya, ya shiga abin da ya iya. Ya yi bayanin yadda saiwa ke riƙe gaɓar tafki, da yadda ruwan zai ƙafe tun kafin bazara idan inuwa ta tafi, shanu su rasa wurin sha. Ya ce itace ma halitta ce mai haƙƙi a kanmu. Ɗalibai suna gyaɗa kai, mutanen gari suna ta "Ƙwarai, Dakta, Allah ya ƙara ilimi."

Da ya yi shiru sai Baffa ya ce, "Wato dai babu su."

Sulle ya sunkuya ya kama igiyar tayar da injin.

Dakta ya dubi ɗalibansa. Shi ne ke hana su amfani da ƙarya wajen kare gaskiya, har maki yana ragewa a kai. Ya ɗaga kai ya dubi rassan.

"Sulle, dakata," ya ce a hankali. "Ban da wannan. Akwai su a cikinta."

Sulle ya saki igiyar kamar ta ƙone shi, ya ja da baya yana a'uzubillahi. Mutane suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Ɗaliban suka sunkuyar da kai, ba wanda ya yarda ya haɗa ido da malaminsa.

Dakta ya sauke numfashi. Ya juya zai koma bas sai Baffa ya riƙo hannun rigarsa. Duk fara'ar tsohon ta gushe.

"To Lami fa?" Lami ita ce autar Baffa. "Da maganarka ta rediyo na ce ta je ta tsinko. Jiya ta yi kunu da 'ya'yan tsamiyar nan ta sha, ga ta da tsohon ciki. Me zai same ta, ɗana?"

Dakta ya buɗe baki zai ce babu komai. Sai ya ga Sulle tsaye kusa da su, injinsa a kafaɗa, ya kasa kunne.