Duwatsun Iyaka a Tafkin Marke

Ranar Talata, sha biyu ga watan Maris na 1963, aka sauke injin huda ƙasa a bakin Tafkin Marke. Malam Tukur, malamin dajin da ke kula da gandun gwamnati kusa da Kurmin Kogi, yana tsaye riƙe da kekensa aka sauke shi. Shekara biyu ke nan da rasuwar matarsa Ummuhani.

Tafkin ba wani babba ba ne. Ruwa ne a gindin falalen dutse, ga marke a gefe, ga kaɗanya bakwai a bayansa. Amma kashegarin kowace Sallah mutanen Ikara da na Makarfi, har da malaman makaranta daga Kudan a kan kekuna, nan suke yini. Maza su yi iyo, mata su shimfiɗa tabarmi a kan dutsen su buɗe kwanuka. Dokar gandu ba ta hana wannan ba. Abin da ta hana shi ne sara, da haƙa, da tsintar kaɗe ba takardar izini.

Ummuhani Bafulatanar Nasarawan Doya ce, kuma a gindin kaɗanyun nan uwarta ta koya mata tsintar kaɗe tun kafin a shata gandun. Da aka ce sai da takarda, ta ƙi.

"In roƙi takarda a hannun mijina don in ɗauki abin da Allah ya zubar a ƙasa?" in ji ta.

"Ba ni na rubuta dokar ba."

"Ai ka fi wanda ya rubuta ta sonta, Malam. Da Inna za ta karya kirare a dajin nan, da ka rubuta sunanta a littafinka, da kyakkyawan rubutu kuwa."

Damina biyu ba ta taka wurin ba. Ta kan ɗauki man kaɗe a kasuwar Makarfi, ta sansana, ta ajiye wa mai shi.

Iyakar gandu ba shinge ba ce. Tarin duwatsu ne iya gwiwa, nan da can, an shafe su da farar ƙasa. Kowace shekara bayan kaka malamin daji ya kan bi su da lebura, a share hanyar tare gobara, a sabunta farin. A kakar 1955 Malam Tukur ya sallami leburansa yini guda, ya kwashe tari uku shi kaɗai, dutse bayan dutse, ya mayar da su taki tamanin cikin daji, ya shafe su. Tafkin da kaɗanyun suka koma waje.

"An gyara iyaka," ya ce mata yana cin tuwo. "Kaɗanyunki sun fita."

"Wa ya gyara?"

"Gwamnati."

"Ashe gwamnatin ta fi ka tausayi."

Ya ci gaba da cin tuwonsa. Mutumin da ya karance kundin dokar daji har ya haddace ba zai zauna gaban matarsa ya ce ya karya ta ba. Ya bar maganar sai ya yi ritaya.

Damina biyar ta yi tana tsinta. Ya kan biyo ta wurin da hantsi kamar mai duba hanyar gobara, ya hango ta a sunkuye, ƙwarya a gefe, tana waƙa da Fillanci. In ta gama sai ta zauna a kan dutsen ta tsoma ƙafafu a ruwa. Bai taɓa sauka daga keken ba. Zazzaɓin kwana huɗu ya ɗauke ta, saura shekara huɗu ya yi ritayar.

Mai awon ƙasa na kamfanin haƙar kuzar da ya kawo injin wani saurayi ne ɗan Kudan, Uwaisu. Ya durƙusa ya gaida Malam Tukur, sannan ya nuna masa farin tarin duwatsu.

"Baba, lasin ɗinmu iyakarsa nan. Da tafkin yana ciki, ko turke ba za mu kafa ba." Ya dubi ruwan. "Nan na koyi iyo, ka sani."

Kwana uku Malam Tukur yana jin injin daga gidansa. A na huɗu ya sa farar rigarsa ya shiga mota zuwa Zariya. Ya san in ya faɗi gaskiya aiki ya tafi, fansho ya tafi, sunan ma ya tafi. Ya tsaya gaban shugabansa ya faɗa, bai rage komai ba.

Shugaban ya ɗauko taswira ya baza. An sake zana ta a 1959, aka bi duwatsun yadda aka same su. A ƙasa akwai sa hannun malamin dajin da ya shaida cewa iyaka tana nan inda take tun asali. Rubutun Malam Tukur ne, kyakkyawa ƙwarai.

"Malam Tukur, shekara ashirin da shida ba a taɓa kama ka da ko ƙarya ɗaya ba. Yau don tafki za ka fara? Ka gaji ne. Je ka huta."

Aka ba shi hutun mako biyu.

Kuzar da suka samu ba ta taka kara ta karya ba. Sun wanke ta da ruwan tafkin har ya zama jan taɓo, leburori suka yi girki da itacen kaɗanyun, bayan wata goma sha huɗu suka kwashe injinsu. Kashegarin Sallah yanzu ko akuya ba ta zuwa.

Har bayan ya yi ritaya, kowace kaka ya kan ɗauki bokitin farar ƙasa ya je ya shafe tarin nan uku. Ya gaya wa shugabansa, ya gaya wa Uwaisu, ya gaya wa duk wanda ya zauna kusa da shi a kasuwa, har aka fara tashi in ya soma. In ya gama shafawa sai ya hau falalen dutsen ya zauna inda take zama, ƙafafunsa a kan busasshen taɓo. Wadda ya kamata ta ji ce kaɗai ba ta ji ba: ba gwamnati ba ce, Ummuhani, ni ne.