Cokali Ɗaya, Tuntuɓe Ɗaya

Wulan ba ta cin abinci sai ana tafiya da ita. Watanta goma sha ɗaya a duniya, haƙoranta huɗu, amma ta riga ta kafa wannan doka a gidan ubanta Cecep, kuma babu ɗaukaka ƙara. A zaunar da ita a tabarma a kawo cokali, sai ta datse baki kamar an sa kwaɗo. A ɗora ta a keken jarirai a fara turawa, sai bakin ya buɗe da kansa.

Ba ita kaɗai ba ce, a faɗi gaskiya. Kullum bayan la'asar matan unguwar, can gefen birnin Bandung, sukan fito da 'ya'yansu saɓe a zane, kwanon faten shinkafa a hannu, suna zagaya lungu suna ɗura musu. Sai dai 'ya'yan mutane sun yarda da zane, Wulan kuwa sai abu mai taya. Uwarta Imas tana aiki a masaƙa har magariba, don haka hidimar ta faɗa kan Cecep, mai gyaran waya a barandar gidansa, namiji tilo a cikin masu kwano.

Keken jariran da suke da shi kwance ne daga yayar Imas, kuma gaba yake kallo. Mai turawa ƙeyar yarinya kawai yake gani. To, ta ƙeya ake cin abinci? Dole Cecep ya nemi taimakon maƙwabcinsa Pak Endang, tsohon direban jirgin ƙasa da ya yi ritaya. Pak Endang na turawa, Cecep na gaba yana tafiya da baya, kwano a hagu, cokali a dama, awa biyu cur kowace rana.

Pak Endang mutumin kirki ne, amma shekara talatin da ɗaya ya yi yana tuƙa abin da ba ya kaucewa, ba ya kuma tsayawa sai a tasha.

"Pak, kwata ce a bayana?" Cecep zai tambaya.

"Ni layina nake bi, Cep. Wanda ke kan layi shi ke kaucewa."

Sau uku Cecep yana faɗawa kwata. Sau ɗaya ya zauna daram cikin kwandon mai gwanda. Amma a haka cokali ashirin ko talatin kan shiga, shi kuwa abin da ya dame shi ke nan.

Kowane wata ana kai yara awo barandar mai unguwa. A zura yaro cikin wandon yadi, a rataya a sikeli, ungozoma ta ɗiga alama a katinsa. Wata biyu ke nan layin Wulan yana kwance, bai hau ba bai sauka ba. Imas ta yi gangancin tura hoton katin ga uwarta Mak Ecin can garin Garut, kuma ko minti biyar ba a yi ba wayar Cecep ta yi ƙara. Surukar tasa ce.

"Cecep, jikata ce wannan ko tsinken tsire?"

"Mak, tsawo take yi."

"Gora ma tsawo take yi. Buɗe kunnenka. Awo mai zuwa da kaina zan zo. In layin nan bai ɗaga kai ba, zan tafi da ita Garut, sai ta yi kumatu ku gan ta."

Cecep ya san ba cika baki ba ne. Ɗan yayar Imas ma haka aka tafi da shi ya yi kumatu, ga shi yanzu yana aji uku a can. Shi da ko banɗaki ya shiga sai ya bar ƙofa a ɗan buɗe don ya riƙa jin gwalantunta, yaya zai yi da gida babu ita?

A wannan makon ne kuma Pak Endang ya aiko cewa gwiwarsa ta kumbura. "Inji ya gaji, Cep," ya ce. "Ka nemi wani jirgin."

Ranar Lahadi Cecep da Imas suka nufi shagon Mang Ojo, mai sayar da kekunan jarirai a kasuwa, ita ɗauke da Wulan, shi riƙe da kwano da cokali.

"Bara kuka zo?" in ji Mang Ojo.

"Gwaji muka zo, Mang. Keke nake so wanda yarinya za ta riƙa kallona, cokali ya kai bakinta ina tafiya, kuma kada ya wuce rupiya dubu ɗari bakwai. Awa biyu zan riƙa tura shi kullum, ban da mai nauyi."

"Ba ka ce ya riƙa dafa faten da kansa ba?"

Mang Ojo ya fara fito da wani ɗan waje, baƙi siɗik, mai kujera da ke juyawa ko'ina, har da wurin ajiye kofi. Da ya faɗi kuɗinsa, Imas ta dafa kafaɗar mijinta.

"Kang," ta kira shi yadda matan can ke kiran miji, "in mun sayi wannan, a cikinsa za mu riƙa kwana mu uku?"

Na biyu yana kallon mai turawa, kuɗinsa kuma da sauƙi, amma mariƙinsa dogo ne. Aka zaunar da Wulan a ciki, Cecep ya kama mariƙin ya miƙa cokali iya tsawon hannunsa. Saura taƙi guda.

"Sai in haɗa maka da ludayi kyauta," in ji Mang Ojo.

Na uku kore ne, marar nauyi, mariƙinsa ana iya wurga shi gaba ko baya. Aka wurga, Wulan ta koma tana fuskantar ubanta, cokali ya kai bakinta daidai. Kuɗin ma bai kai abin da suka ware ba, shi ya sa Imas ta ƙanƙance ido.

"Mene ne aibinsa, Mang?"

"Aibi kuma, Neng?" in ji shi, yadda ake kiran matashiya a can. "Ɗan hali dai yake da shi. Kin ga tayoyin nan masu juyawa? A gaba aka yi su. In an juya mariƙin sai su koma baya."

"Sai me?"

"Sai dai in maigida ya ce masa dama, ya ɗan tsaya ya yi shawara."

Iya kuɗinka iya shagalinka. Suka saya.

Ranar Litinin Cecep ya fito bayan la'asar yana taƙama, shi kaɗai, babu direba, fuskarsa na kallon inda za shi kamar kowane ɗan Adam. Keken kuwa ya nuna halinsa tun a kwanar farko. Ƙugunsa ke fara juyawa kafin kansa, yana tafiya a kaikaice kamar ƙaguwa. Cecep ya cije leɓe, ya danne mariƙi da hannu ɗaya da ciki, ya rataya kwano a wuyan keken, ya miƙa cokali.

Wulan ta dube shi. Ta dubi cokali. Ta datse baki.

Ranar cokali uku ta ci. Talata biyu. Laraba ta karɓi ɗaya, ta riƙe shi a kumatu tun daga masallaci har gadar ƙarfe, sannan ta mayar masa a riga. Saura kwana goma sha biyu awo, Cecep ya daina jin ɗanɗanon nasa abincin ma.

Ranar Alhamis Ceu Popon, babba a cikin masu kwano, mai 'ya'ya biyar duk ɓul-ɓul, ta tare shi a bakin lungu.

"Cep, ka taɓa ganin fuskarka in kana tura abin nan?"

"Me ta yi, Ceu?"

"Wallahi ni ma da za a ɗaure ni a gaban wannan fuskar awa biyu, azumi zan ɗauka. Kamar wanda aka aiko ya yanke wuta."

Cecep ya gwada murmushi. Wulan ta fashe da kuka. Ya gwada waƙa, karen gidan Pak Endang ya amsa masa. Yana cikin wannan fama suka kai gangaren bayan makaranta, inda keken ya yanke shawarar kansa. Ƙugunsa ya zille, ya juya da Cecep zagaye ɗaya cif, takalminsa ɗaya ya tashi sama, shi kuma ya zube a gwiwa yana ihu, hannunsa dai bai saki mariƙi ba.

Sai ya ji wani sauti. Wulan ce ke ƙyalƙyala dariya, baki wangame, haƙora huɗu duk a waje. Cecep bai tsaya tunani ba, yana durƙushe ya zura cokali. Ta haɗiye.

A nan gaskiya ta bayyana gare shi, kuma ba ta da daɗi. Duk watannin nan ba tafiya ce ke buɗe bakin 'yarsa ba. Ganin ubanta yana karo da duniya ne.

To, in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Tun daga ranar Cecep ya ajiye mutuncinsa a gida tare da kayan gyaran waya. Taku goma, tuntuɓe, ihu, cokali. Taku goma, karo da turken wuta, cokali. Amma Wulan ba a yi mata algus: in faɗuwar ba ta kai zuci ba, sai ta kawar da kai. Dole ya riƙa kai gwiwa ƙasa da gaske. Unguwa ta shigo ciki. Wani mai tallan miyar ƙwallon nama yakan lallaɓo ya buga kwanonsa a bayan kunnen Cecep don ya zabura. Ceu Popon ta ware tsohon kwando musamman domin ya riƙa zama a ciki. Pak Endang, daga kujerarsa a baranda, yana busa usur duk lokacin da suka zo wucewa. Cokali ya kai arba'in.

Ranar awo Mak Ecin ta sauka daga motar safe da babbar jaka da babu komai a ciki. Ba sai an gaya wa Cecep kayan wa za a zuba ba. Aka zura Wulan a wandon yadi, aka rataya. Ungozoma ta matsa ƙarfen sikeli, ta sake matsawa, ta ɗiga alama. Layin ya ɗaga, amma sai mutum ya karkatar da katin ya rufe ido ɗaya kafin ya gani.

"Ya hau, Mak," in ji Imas.

"Wannan ba hawa ba ne, hannun ungozoma ne ya yi rawa. Gobe da safe za mu tafi."

Imas ta shige ɗaki tana share ido. Cecep bai yi musu ba, don bai iya musu da surukai ba. Da la'asar ta yi sai ya zuba fate a kwano kamar kullum, ya ce, "Mak, bari in yi mata na yau."

"Mu je in ga yadda ake horar min da jika da yunwa."

Ta biyo su a baya, hannu a ƙugu. Cecep ya so ya riƙe girmansa a gabanta, har taku hamsin yana tafiya kamar mutum. Wulan ta datse baki. Ya dubi yarinyar, ya tuna gobe war haka tana Garut, sai ya saki jiki ya kife a gaban shagon mai aski. Ta ƙyalƙyale, cokali ya shiga. Ya yi karo da turke. Ya zauna a kwando. Aka buga kwano, ya yi tsalle har hularsa ta faɗi. Bai taɓa faɗuwa da kyau irin na ranar ba, kuma hawayen da ke zuba a fuskarsa kowa ya ɗauka gumi ne.

Mak Ecin ba ta yi dariya ko sau ɗaya ba. A gadar ƙarfe, da kwano ya zama wayam, ta ce, "Ɗaga wandonka in gani."

Ya naɗe wandon zuwa gwiwa. Sabon ciwo a kan tsoho, wani ya bushe, wani yana jini.

Tsohuwar ta sunkuya ta duba.

"Kullum haka?"

"Sai ran da aka yi ruwa, Mak. Ranar a falo nake faɗuwa."

Ta ja dogon tsaki, ta gyara ɗankwalinta. "Na yi renon yara goma sha ɗaya. Na san mai dafawa, na san mai goyo, amma duk Garut babu mahaukacin da zai yi mata wannan. Ba zan raba ta da kai ba." Ta karɓi kwanon ta shinshina, ta yamutsa fuska. "Sai dai wannan ruwan wankin da kake kira fate, ko gwiwa goma ka fasa ba zai sa kumatu ba. Ni zan dawo gidan da zama in riƙa dafawa."

Cecep ya ciro Wulan daga keken ya rungume ta, har ta fara ture shi da ƙafa. Rabin maganar na farko kawai ya ji. Rabi na biyun bai iso kunnensa ba sai da suka koma gida, ya tarar Mak Ecin tana auna ɗakin kwanansu da ido, tana tambayar Imas ko tabarmar falo za ta ishi mijinta.